Ƙwai a Zanen Kaka

Jiya na ji kukan 'yan tsaki, na tuna kakata.

Da sanyi takan ajiye wa kaza mai kwanci kaskon garwashi. Ranar da harbin bindiga ya matso ƙauyenmu kusa da garin Sinja, kazar ta firgita ta gudu. Kaka ta ɗaure ƙwan a zane, jikin cikinta.

Na ce, "Kaka, lorin da zai kwashe mu zai tashi."

Ta ce, "Ku tafi, ɗiyata, ƙafata ba ta kai ni."

Ta ɗora tafina a kan ƙwan. Da ɗumi, ɗaya yana motsi, amma tana ta waiwayen inda harbin ke fitowa.

Ba mu sake ganinta ba. Allah ya yalwata kabarinta, ya raba ta da tsoro har abada.