Ranar Da Na Auna Kakana Da Kara

Ina aji shida a firamaren Kusada aka kawo mana sabon malamin lissafi. Daga Kankiya yake zuwa kullum a kan babur, lokacin kuɗin fetur sun fara shigowa, kowane malami ya yi babur da agogo. Shi wannan bawan Allah ba ya iya zama a aji. Rannan ya kore mu waje, ya ce kowa ya samo kara, dogo ko gajere, ya kafa a rana. Muka auna tsawon kowane kara da rula, muka auna inuwarsa, ya ɗiɗɗiga ɗigo a allo, kowane kara da nasa. Sai ya ja zare a kan ɗigon nan, wallahi duk suka bi layi ɗaya kamar sahun salla. Muka kaure da ihu! Ya ce in ka san inuwa, layin zai gaya maka tsawo, ko na rimi ne. Aikin gida, kowa ya gano tsawon wani a gidansu.

Ni kuwa da rawar kai, na ce kakana zan auna. Dogo ne, kuma yana ji da tsawon nan nasa, kullum yana tsokanata wai ya auri guntuwar mata. Na tarar yana barcin rana a tabarma gindin darbejiya, ya rufa da mayafi har fuska saboda ƙuda. Mai barci ai ba shi da inuwar kirki. Na ce bari in fara da jikin. Na zaro kara mafi tsawo a danga, na shimfiɗa a gefensa daga kai zuwa ƙafa, ina daidaitawa.

Ina na san cewa da kara ake auna gawa kafin a haƙa kabari? Ban taɓa zuwa inda ake yi ba.

Kakata ta fito da ƙwaryar fura, ta ga mijinta a miƙe an rufe, ga kara a gefensa. Ta saki ƙwaryar, ta rafka salati. Kafin in buɗe baki matan maƙwabta sun cika gidan da kuka, wata har ta fara cewa dama jiya ta ga idonsa ya canza. Tsoho ya yaye mayafi ya tashi zaune, ya ce, "Wa ya mutu?" Mata suka watse, ɗaya ta bi ta kan akuya.

Da ya gane, fuskar nan ta murtuke. "Wanga abu shi ake koya maku? Ni da raina za a gwada mani kara? Daga yau an gama boko a gidan nan." Babana ya sunkuyar da kai, don ba ya musu da shi. Na yi kuka har idona ya kumbura, saura wata kaɗan a zaɓi masu tafiya sakandare, kuma ina son makarantar nan kamar raina.

Kwana da kwanaki ina gida ina daka. Wata la'asar na ga tsoho tsaye a ƙofar gida shi da babana, inuwarsu ta miƙe a ƙasa. Na kasa haƙuri. Na kakkafa karare, na auna, na ja layina a ƙasa da tsinke, sannan na lallaba na auna inuwar su biyun ba tare da na taɓa kowa ba. Tsoho ya hango ni. "Ke amarya, mi kike yi kuma?"

"Na gama auna ka, ango, ban kuma taɓa ka ba. Baba ya fi ka da yatsa uku."

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ɗan da na haifa? Tun yana saurayi a kunnena ya tsaya!" Ya tuɓe hula, ya ce babana ya tuɓe tasa, suka haɗa baya. Kakata ta hau turmi ta ɗora faifai a kansu. Faifan ya karkata wajen tsoho. Ta daidaita shi, ta sa yatsu uku tsakaninsa da kan tsoho, suka shige daidai. Na yi tsalle ina tafi ina juyi, har sai da na lura ni kaɗai nake murna.

Tsoho ya daɗe yana kallon inuwarsa. Ya ce a hankali, "Ashe na fara komawa ƙasa, ba wanda ya faɗa mani." Ya mai da hularsa, ya dube ni. "Gobe ki koma makarantarki. Ki yi sauri ki gama, ina so in gani da idona."