Ƙofar Sito Ta Koma Lungu

Shekarar da hatsi ya fi ƙarfin shagona na kasuwar Funtuwa, na yanke shawarar gina sito a bayan gidana. Na riga na yi alkawarin kaya da manoman Danja da Maska, saura wata biyu a fara karyar masara, kuma ba ni da inda zan zuba ta. Na taɓa ganin yadda ake shafa wa gini jan fenti a tsayar da aiki, don haka na sa aka zana mini sito a takarda, na kai ofishin masu ba da izini.

Jami'in da aka haɗa ni da shi wani mai ƙiba ne mai fara'a, kowa Injiniya yake ce masa.

"Alhaji, mene ne girmansa?"

"Buhu ɗari huɗu," na ce.

Ya yi dariya har da buga tebur. "Ni ƙafa nake aunawa. Gobe ina zuwa."

Ya zo kuwa, aka yi masa iso har bayan gida. Yana jan igiyar awo ina nuna masa inda ƙofa za ta kasance, tana kallon tsakar gida, sai muka ji muryar maiɗakina daga madafa.

"Injiniya, don Allah tambaye shi, 'yan dakon ta ina za su shigo? Ta kan tukunyata?"

Shekara ashirin ina lodi da sauke kaya, amma ban tuna cewa ƙarti goma ba za su riƙa ratsa cikin iyalina da buhu a ka ba. Injiniya ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Hajiya ta fi mai zanen nan aiki," ya ce. "A mai da ƙofa lungun baya. Amma mota za ta riƙa tare ƙofar maƙwabcinka, sai ya sa hannu, mai unguwa ya shaida. In babu wannan, babu hatimi."

Maƙwabcin nan dattijo ne, abokin marigayi mahaifina, kuma duk unguwa an san shi da kafiya. Na sayi goro mai kyau na same shi da hantsi a kan tabarmarsa, na durƙusa na zayyana masa komai.

"Kai da na sha kora daga kan mangwarona, yau kai ne mai sito?"

"Ni ne, Baba."

Ya daɗe yana juya goron a hannu. "Sharaɗi biyu. Ba a sauke kaya lokacin da nake ƙailula. Kuma duk ƙwayar da ta zube a lungun nan ta kajina ce, kada in ga tsintsiya."

Na ce na yarda tun kafin ya canza ra'ayi. Ya dangwala yatsa, mai unguwa ya sa hannu, cikin mako guda takarda ta fito da hatiminta. Na linke ta na sa a aljihun gaba, na wuce wurin masu bulo ko gida ban biya ba.

Ranar da motar farko ta iso daga Danja, kwano ya hau, daɓe ya bushe. Na fito in nuna wa direba hanya, sai na tarar Baba ya riga ni. Yana tsaye tsakiyar lungu da sandarsa yana ɗaga murya: "Matso, matso! Kai direba, a hankali, kada ka goge mana katanga!"