Ƙwayoyin Cikin Gwangwanin Man Zafi

'Yan'uwa, gara ku ji daga bakina kafin ku ji a gari.

Ina tsaka da awon gyaɗa a kasuwar Bici aka kira ni daga makarantar su Hafsa. Wai an kama 'yata da ƙwaya. Innalillahi! Ban san yadda na tuƙa babur ɗin nan ba.

Na tarar an jera 'yan ajinsu a fili, an zazzage jakar kowa a ƙasa. Hafsa na durƙushe tana kuka. Malamin da ke binciken ya ɗaga gwangwanin man zafi ya ce, "Alhaji, wannan fa? Ƙwayoyi fal, ba suna, ba takarda!"

Ni na juye su a ciki. Maganin farfaɗiyarta ne na asibiti, na yar da kwalin don kada wani ya karanta. Shekara uku muna ɓoyewa, ko ku ban gaya muku ba.

Na ce, "Malam, mu shiga ofis."

Ya ce, "A nan aka kama, a nan za a yi bayani, ko mu kira hukuma."

Na matsa na raɗa masa a kunne. Sai ya ɗaga murya, "Au, farfaɗiya ce? Ai da kun faɗa!"

Wallahi ina kallo yaran suka ja da baya, har ƙawarta Zulai.

A kan babur ta riƙe rigata ta ce, "Baba, gobe wa zai yarda ya zauna a bencina?"