Hodar da Aka Zuba wa Minza a Ƙirji

Duk wanda ya saba hawa jirgin fito daga Mwanza zuwa tsallaken tafki ya san Minza, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai suyar karfasa a bakin kwata, mai ɗaurin kallabi a karkace. Maman Shija ake kiranta, da sunan ɗanta na fari.

A wani ƙauyen Sengerema aka haife ta, gidan manoman auduga. Tana budurwa ta zo Mwanza wajen gwaggonta ta koyi suyar kifi, a nan ne Luhende mai gyaran keke ya gan ta. Shi dai ya ce kifi yake zuwa saye. Ita kuwa ta ce wanda ke sayen kifi safe da yamma yana barin canjinsa, ba yunwa ce ke kawo shi ba. Da suka yi aure suka gina ɗan gidansu can saman duwatsun Igogo, inda ko keken ma sai an saɓa shi a kafaɗa. Daga nan take saukowa kowace safiya da kasko a ka, da wannan kaskon kuma 'ya'yanta huɗu suka yi makaranta.

Kusa da murhunta akwai na Zuhura. Sun tsufa tare suna tsiya.

"Maman Shija, yau kifi kike sayarwa ko gawayi?" in ji Zuhura.

"Gara nawa ya soyu. Naki in aka jefa shi tafki iyo zai kama."

Amma ranar da Minza ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, sai ta fara faɗa wa Zuhura, ita ce kuma ta tasa ƙeyarta zuwa asibiti. Aka ce ciwon daji ne. Aka cire maman, ta sha ƙarin ruwan magani har gashinta ya zube, daga baya ta koma bakin kaskonta. Shekaru suka ɗan wuce lafiya lau.

Sai numfashi ya fara yi mata gardama. Da farko ta ɗora wa hayaƙin itace laifi. Sannu a hankali hawan dutsen gida ya zama sai ta zauna ta huta a hanya, daga baya ko magana ba ta iya kaiwa ƙarshe sai ta tsaya ta ja iska. Hoton ƙirji ya nuna ciwon ya dawo, kuma ruwa ya taru a gefen huhunta ya matse shi. Aka soka mata allura a tsakanin haƙarƙari aka zuƙe ruwan, rawaya kamar man suya. Nan take ta ji duniya ta buɗe. Bayan 'yan makonni ruwan ya sake cika. Aka kuma zuƙewa, ya kuma dawowa. Kowace tafiya sai Shija da maƙwabta sun sauko da ita a kan kujera, ita da ta saba sauko da kaya. Wannan ya fi allurar yi mata ciwo.

A zuwa na gaba ita da Luhende suka haɗu da wata likita, Dakta Nyamizi, ba ta fi sa'ar 'yar Minza ba. Ta jawo kujera ta zauna daf da gadon.

"Mama, bari in faɗa miki gaskiya. Ciwon nan ba mu da abin da zai kawar da shi. Amma ruwan nan muna iya hana shi wurin zama."

Ta haɗa tafukan hannunta ta nuna musu. Ta ce huhu yana da riga, bangon ƙirji ma yana da tasa, a tsakaninsu ruwan ke taruwa. Za a sa roba a tsiyaye shi kaf, in hoto ya nuna huhun ya miƙe, sai a dama wata hoda ta musamman a tura ta cikin robar. Hodar za ta ƙarce fuskokin biyu har su manne da juna.

"Hoda?" in ji Minza, tana haki. "Ni da rabona da hoda tun bikina... yanzu a ciki za a shafa min?"

Luhende ya gyara zama. "Ashe faci za a yi mata. Mu ma sai mun kankare tiyub kafin mu shafa sholisho."

"Baban Shija, ni ce tiyub ɗin?"

Likitar ta yi dariya har da riƙe baki, sannan ta ce akwai zafi, zazzaɓi kan biyo baya, kuma ba a jikin kowa facin yake kamawa ba, ko da yake yawanci yana kamawa. Minza ta dubi mijinta, ta ga yadda ya rame kamar shi ne majinyacin. Ta ce a yi.

Zafin kuwa ba ƙarya. Duk da maganin kashe zafi da aka fara turawa, sai ta ji kamar an juye mata garwashi a gefe. Ta damƙi hannun Luhende tana kiran Yesu, shi kuma yana ta faɗin sannu har bakinsa ya bushe. Washegari jikinta ya yi rau. Zuhura ta zo da kunu a fulas, ta tsaya tana kallon robar da ke fita daga haƙarƙarin ƙawarta zuwa wata kwalba a ƙasa, idonta ya ciko.

"In kuka kika zo yi, koma," in ji Minza. "Wa kika bar wa murhuna?"

"Rabu da ni, ja'ira. Ina nan ina kwashe miki masu ciniki."

Ruwan kwalbar ya yi ta raguwa har aka cire robar aka sallame ta. Makon da ta saba jin nauyin ya dawo, ta zauna tana sauraron ƙirjinta. Shiru. Wata ya wuce, wani ya bi. Da aka sake hoto, Dakta Nyamizi ta ɗaga shi ta ce, "Mama, facin ya kama." Minza ta kama hannun likitar ta riƙe a cikin nata, ta daɗe ba ta saki ba.

Ƙarfinta bai dawo duka ba, ba ta kuma sake ɗaukar kasko ba. Amma ta hau dutsen gidanta da ƙafarta, a hankali. Ta koma kwanciya a miƙe maimakon jingina da bango. Ta hau jirgin da ta yi shekaru tana ciyar da fasinjojinsa, ta je ƙauye ta zauna da 'yan'uwanta lokacin tonon dankali. Da matar Shija ta haihu, ita ta yi wa jaririyar wankan fari, ta kuma goya ta zuwa coci. Duk wanda ya yi mata jaje sai ta ce, "Jajen me? Ina cin tuwona, ina shan iskata. Allah ya yi min."

Ta yi sama da shekara a haka. Daga baya ciwon ya bi wasu hanyoyin, ƙafafu suka kumbura, abinci ya fita ranta. Ta rasu a ɗakinta da damina, 'ya'yanta na kewaye da ita. Luhende ya shaida wa masu ta'aziyya cewa har safiyar ranar tana yi masa faɗa a kan rufin akurkin kaji da ke yoyo, faɗa mai tsawo, ba ta tsaya jan iska ba ko sau ɗaya. Ana gama zaman makoki ya nemo kwano da ƙusa ya gyara shi.