Baba Issaka, Maƙwabcina a Ɗakin Wankin Ƙoda

Ina cikin jirgin ƙasa mai lamba shida, na baro unguwar Parkchester zan je wankin ƙoda, wayata ta yi ƙara. Rahinatu ce, 'yar Baba Issaka, wadda kullum in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci. Ran nan da Hausa ta yi magana. "Yaya Kabiru, Baba ya rasu da safen nan. Zuciya ce ta tsaya." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba baƙin ciki ne ya fara kama ni ba, tsoro ne. Ciwonmu ɗaya da shi.

A ɗakin wankin muka saba, kujerarsa dab da tawa. Dattijo ne ɗan zangon Kumasi, ya tuƙa tasi a birnin nan har ƙodarsa ta gaza. Ranar da aka fara ɗora ni a kan injin, na ga jinina yana fita ta roba yana zagayawa, na kasa ɗauke ido daga kai. Ina ta tuna matata da 'ya'yana ƙanana. Sai ya zare ɗaya daga cikin wayoyin sauraron kiɗa da ke kunnensa ya miƙo mini. "Ɗan Kano, sa wannan. Bar kallon jinin nan, ya san hanyar gida."

Kiɗan rok ne na wasu Turawa huɗu da suka yi tashe tun ba a haife ni ba. Na ji kamar ana rushe gini. Ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, kunne ma koyo yake. Tun yana saurayi ya san su, a faifan garmaho da wani yayansa mai aikin jirgin ruwa ya kawo gida. Yana ba da labarinsu kamar 'yan unguwarsu: mai waƙa da yawan fitina, mai jita da miskilanci, mai ganguna da ba ya gajiya. Amma na huɗun ya fi so, mai kaɗa jitar nan mai kaurin sauti, wanda ke tsayawa can baya ba ya ko motsi. Yakan ce, "Ba mai tafa masa. Amma ya ɗauke hannu, ka ji yadda gidan zai faɗi."

Wata rana jinina ya sauka, injin ya hau kuka, idanuna suka rufe. Na tabbata tafiya ce ta zo. Nas-nas suna ta kai da kawo, amma muryar Baba kaɗai nake ji, shi ma ɗaure da nasa injin, yana maimaita mini kalmar shahada a hankali har na dawo. Da na farfaɗo ya ce, "Ni ma ina tsoro, yarona. Kullum. Na dai hana shi tuƙi ne."

Bai taɓa barin kiɗa ya shiga lokacin salla ba. Da lokaci ya yi zai kashe, ya yi sallarsa a zaune. Wani bawan Allah ya taɓa ce masa bai dace mai furfura, ga ciwo, ya riƙa jin kiɗan Turawa ba. Baba ya gode masa, ya ce, "Na san inda alƙibla take. Ka sa ni a addu'a."

Biyu cikin makaɗan sun riga shi mutuwa. Da sauran biyun suka zo wasa Manhattan, nan cikin birni, Rahinatu ta kai shi, yana sanye da kaftani da hula, yana dogara sanda. Washegari na same shi a ɗakin wankin. Ya ce mai waƙar ya nemi muryarsa ta dā ya rasa, sai jama'a suka ɗauki waƙar suka ƙarasa masa. "Tare muka tsufa, ba su ma san da ni ba. Hannunsa na rawa, amma ya fito." Sai ya juya fuskarsa bango.

Mun sallace shi a masallacinsu na kusa da unguwar Concourse Village. Na koma wanki, an riga an ba wani kujerarsa. Har yau in injin ya yi ƙara gabana faɗuwa yake, kuma ban iya kunna kiɗan nan ba tukuna.

Ya Allah, bawanka Issaka ya zo gare Ka bayan doguwar jinya. Ka sa ciwon ya zama kankarar zunubansa, Ka yalwata kabarinsa, Ka amintar da shi daga tsoron ranar tsayuwa. Ka bai wa Hajiya matarsa da Rahinatu da 'yan uwansa na Kumasi haƙurin rashi. Mu da muka rage a kujerun nan, Ka ba mu lafiya, in kuma lokaci ya yi, Ka sa akwai mai tuna mana shahada a gefe. Amin.