Daƙiƙa Goman Malam Sammani

Ƙarfe bakwai na safe Malam Sammani yake isowa daga Kambarawa, ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan rediyonmu. Kafin ya sha shayi sai ya leƙa ɗakin kwamfuta ya ga ko wani abu ya ɓata. Shekara goma sha tara yana haka. Masu saurare sun san muryoyinmu, shi kuwa ko sunansa ba su taɓa ji ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki saboda ido. Yanzu sai ya kusa manna hancinsa a gilashin kwamfuta yake iya karatu.

Da can, kwamfutar tashar takan share duk shirin da ya cika wata uku, don wuri bai isa ba. Doka ɗaya ce a kan kowa, da talla da tafsiri. Malam Sammani ya zauna ya tsara wa kowane fayil alamarsa da Hausa: "A share", "A ajiye", "Kar a taɓa". Ya kuma lura in kwamfuta ta tambaya "Ka tabbata?", dukanmu "E" muke dannawa ba mu karanta ba. Sai ya cire tambayar. Duk mai son share abin da aka sa wa "Kar a taɓa", dole ya saurari daƙiƙa goma na farkonsa.

Allah ya sani na tsani daƙiƙa goman nan. Ni na laƙaba masa Sarkin Jinkiri.

"Haba Malam, aiki ya yi mani yawa!"

"Yi haƙuri ɗiyata. Ji shi dai, sannan ki yanke mashi hukunci."

Bara, wata biyu da rasuwar mahaifina, aka ce in rage tsofaffin shirye-shiryen kiran waya. Duk ya sa musu alamar "Kar a taɓa", ina dannawa ina tsaki. Na zo kan wani mai suna "kira 214", sai na ji tarin da na sani.

"Salamu alaikum, Siddiq ne daga Ƙofar Guga. Ku ce ma Bilkisu ta rage sauri in tana karanta labarai, tsofaffi na saurare."

Ranar da ya kira ina hutu, babu wanda ya faɗa mini. Ba mu da wata muryarsa a ko'ina sai wannan. Na kifa kai a tebur na yi ta kuka.

Da na je yi masa godiya, ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce matarsa Hauwa'u ta taɓa kira sau ɗaya, ta yi masa barka da Sallah. Ta rasu bayan wata huɗu. Da ya koma neman muryar, babu.

"Ni na saita wata ukun nan da hannuna," in ji shi.

Malam, kai ne ka rasa taka, ka tsare mana tamu. Kai ne muka yi wa tsiya shekara da shekaru ba ka taɓa faɗa mana dalili ba. Na gode, ka yafe mini sunan nan. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya jiƙan Hauwa'u.

Ku kuma samari masu tsara mana manhaja, ku je ku zauna da shi tun yana nan. Wanda zai gaje shi ya ce mini daƙiƙa goma sun yi yawa. Na kunna masa kira 214, na bar masa ɗakin.