Ƙullin Masara a Hanyar Kusko

Tun ranar da aka ce takardata ta samu shiga taron masana ƙasar noma a Peru, kunnena bai huta ba. Maƙwabciyata 'yar Zariya har ɗaki ta biyo ni a unguwarmu ta Taman Melati da ke Kuala Lumpur tana cewa, "Ke dai ki riƙe jakarki gam. Ko allura aka miƙo miki, kada ki karɓa." Maigidana kuwa a mamak, wato shagon shayi da abinci na ƙasan gidanmu, ya zaunar da ni, shayinsa har ya huce yana magana.

"Maman yara, kin san fasfon da ke hannunki, kin kuma san ƙasar da za ki dawo. A nan in an kama mutum da ƙwaya, ba mai tambayarsa digirinsa."

Ban ga laifinsu ba. Mun sha kiran masu gidan haya su ce akwai wuri, mu iso su ga fuskarmu su ce kash, yanzun nan aka kama. An taɓa zazzage jakar maigidana a bakin titi a Bukit Bintang, littattafansa a ƙasa, masu sayayya suna wucewa suna kallo. Ranar ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba.

Da aka gama taro a Lima, sai na ce wallahi ba zan keta rabin duniya in koma ban ga komai ba sai ɗakin taro. Na hau doguwar bas. Muka bi gefen teku, yashi fetal ba ko ciyawa, muka yada zango a Arekipa mai gine-ginen farin dutse, sannan muka kama hawa zuwa Kusko. Na ga gonakin dankali an sassaƙa su a jikin dutse hawa-hawa, na ga wasu dabbobi kamar tumaki amma da wuyan raƙumi. Daga nan kuma ban ƙara ganin komai da daɗi ba, domin kaina ya ɗauki sara, numfashina ya ƙi isata. An ce haka tsaunin yake yi wa baƙo.

A wani ƙauye wata tsohuwa ta shigo ta zauna kusa da ni, da malafa a ka, kitso biyu har gadon baya, da ƙunshin kaya goye a mayafi. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin nata. Ta dube ni ta girgiza kai, ta shiga shafa mini baya. Can ta ciro wani busasshen ganye ta miƙo. Na san ganyen: su taunarsa suke yi kamar yadda muke cin goro, amma ni hodar iblis da ake yi da shi kawai na tuna. Na kau da kai, na ƙanƙame jakata. Ba ta ji haushi ba. Ta warware gefen mayafinta ta rufa mini gwiwa, barci ya kwashe ni.

Ina buɗe ido na ga hannunta cikin aljihun jakata.

Innalillahi! Ban san sanda na cafke wuyan hannunta ba. Na ƙwala ihu, Hausa da Turanci duk a cakuɗe, har da Malay. Direba ya taka birki. Kwandasta ya taho, na yi ta nuna ta ina nuna jakar, ina cewa ƙwaya, ƙwaya, ta sa mini abu. Wannan kalmar dai ya gane ta da Turanci. Ya sa tsohuwar ta miƙe, ya kwance ƙunshinta a tsakiyar mota, gaban kowa. Dankali ya gangara ƙarƙashin kujeru. Ga zare, ga kwano, ga 'yan takalman yaro sababbi, ga tufafinta na ciki duk a fili.

Sannan ya zura hannu a aljihun jakata ya fito da ɗan ƙulli a tsumma. Ya kwance. Gasasshiyar masara ce. Tun safe ta lura ban ci komai ba.

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Tsohuwar ta durƙusa tana tsintar dankalinta ɗaya bayan ɗaya, tana ninke tufafinta a hankali, ba ta kalli kowa ba. Na sunkuya zan taya ta, ta ɗaga mini hannu alamar in bari. Babu wata kujera a motar, dole ta dawo gefena. Na yi ta cewa, "Iya, ki yafe mini," da Hausa, don ba ni da wani harshen. Taga kawai take kallo. Da motar ta tsaya a wani fili inda babu ko gida, ta goya kayanta ta sauka. Ƙullin yana nan kan kujerarta, ta sake ɗaure shi. Na kasa ci, na kuma kasa yarwa.

Da na sauka a Kuala Lumpur, jami'in da ya ga inda na fito ya yafito ni gefe. Ya zazzage akwatina a kan tebur, fasinjoji suna wucewa suna leƙe. Ya ɗago ƙullin, ya kwance, ya sansana.

"Makan?" ya tambaya, wato abinci ne?

Na ce e.

"Wa ya ba ki?"

Na rasa da wane suna zan kira tsohuwar. Ya ce ba a shigo da irin wannan, ya jefa shi kwandon shara, ya ce in kwashe kayana. Na fara ninke zannuwana da tufafin ciki a hankali, kaina a ƙasa, ban kalli kowa ba. Sai da na kai rabi na gane a wurin wa na koyi wannan ninkin, hawaye suka zubo mini a kan kayan.